Fis ɗin da Ya Ƙi Tsinkewa

In za a jera mutanen da bakinsu ya fi hannunsu gwaninta, to a ba Saura-Ƙiris kujerar gaba, sauran su nemi tabarma. Sunan ma bakinsa ne ya jawo masa. Makarantar koyon sana'a ya shiga, ya fito tun ba a sallame shi ba, kuma duk wanda ya tambaye shi dalili sai ya ce ai saura ƙiris ya gama, malaman ne suka ga ya fara fin su, suka haɗa masa kai. Rediyon da ya kwance, saura ƙiris ta yi magana. Fankar da ya buɗe, saura ƙiris ta juya. Janareton Mai Walda, maƙwabcinsu na bayan katanga, tun ranar da ya sa masa hannu yake kwance da hanjinsa a cikin kwano, shi ma saura ƙiris.

A gidan Yayarsa yake zaune, a ɗakin bakin ƙofa. Ɗan ƙaramin ɗaki ne mai taga a kan titi, ba komai a ciki sai katifa da wani akwati cike da sukurorin kayan mutane. Wannan ɗakin shi ne duk abin da ya mallaka a duniya, shi ma aro. Tela kuwa, da ke haya a shagon da ke jingine da ɗakin, ya daɗe yana maitarsa. Kullum ya zo wucewa sai ya tsaya ya auna ƙofar da ido, ya yi ajiyar zuciya, ya ce da teburin yanka ne a nan da duniya ta yi daɗi.

Ranar da Saura-Ƙiris ya gyara famfon tsakar gida har aka wuni ana tsallaken ruwa kamar kwaɗi, Yaya ta kira shi, ta zaunar da shi, ta yi magana a hankali, irin hankalin da ya fi tsawa ban tsoro.

"Auta, hannunka ya sake taɓa wani abu a gidan nan ya lalace, ka naɗe katifarka. Tela yana jira."

Ya ce ya ji. Ji kuwa ya ji, amma kunne ne ya ji, bai aika wa hannu saƙo ba.

To gidan nan tsohon gida ne, wayoyin wutarsa sirara ne kamar jijiyar hannun tsohuwa, kuma fis ɗaya ne ke riƙe da kowa, a jikin allon mita da ke cikin zaure. Ɗan farin mariƙi ne na tangaran, da siririyar waya a cikinsa kamar gashi. Da zarar kaya sun yi wa wutar yawa, sai wannan gashin ya tsinke, gida ya yi tsit. Saboda haka mijin Yaya, direban babbar mota wanda kowa ke kira Direba, ya kafa doka: duk mai son kunna abu mai jan wuta, ya leƙo tsakar gida ya sanar. Yaya ta ce za ta yi guga, sai Tela ya kashe nasa dutsen gugar. Mai Aski na shagon gefe ya ce zai kunna abin busar da gashi, sai a zare hitar ruwa. Haka ake zaune lafiya. In an yi kuskure fis ya tsinke, Direba yana da ɗan ƙullin siririyar wayar a saman mita, a sa wata a ci gaba.

Wannan kiraye-kirayen ne ke ci wa Saura-Ƙiris rai. Ya ce gida da injiniya a ciki amma ana rabon wuta da baki kamar ana rabon wurin kwana. Ya ce fis ɗin nan matsoraci ne, da ya ji nauyi sai ya zube, kuma maganin matsoraci a sauke shi a ɗora jarumi. A ransa ya lissafa cewa ranar da ya kawo ƙarshen wannan kira, Yaya da kanta za ta ce ya zaɓi ɗakin da yake so.

Ya kai wa Tela shawarar. Tela ya ɗago daga kan keke, ya dube shi ta saman tabarau, ya dubi bangon da ya raba shagonsa da ɗakin, sannan ya ce shi kam bai taɓa jin tunani mai zurfin wannan ba, kuma abin kunya ne a bar irin wannan ƙwaƙwalwa tana tsatsa.

"Ka ga kai ka san mutane," in ji Saura-Ƙiris.

"Na san mutane, na san ɗakuna," in ji Tela, ya ci gaba da ɗinki.

Direba na ɗaga ƙafa zuwa doguwar tafiya, Saura-Ƙiris ya ɗauko filaya ya shiga zaure. Ya fara da ladabi. Ya ninka siririyar wayar, ya murɗa ta kamar igiya, ya mayar. Ya ce wa Mai Aski ya kunna abinsa ba tare da sanarwa ba. Aka kunna, wuta ba ta ɗauke ba. Saura-Ƙiris ya fito titi yana taku ɗai-ɗai, hannu a baya, yana gaida mutanen da bai saba gaisarwa ba. Bai kai ƙarshen layi ba Yaya ta jona hita, aka ji fat! Mai Aski ya fito da wani mutum a bayansa, rabin kansa a aske, rabin kuma daji. Mutumin ya tambaya wane ne injiniyan. Saura-Ƙiris ya ce injiniyan ya fita, shi ƙaninsa ne.

Washegari ya ce kuskuren na wayar ne, ba nasa ba. Ya ciro wayar ƙafar keke daga tsohon keken Direba, ya lanƙwasa ya cusa. Wannan ta yi ƙoƙari. Sai dai da kaya suka hau kanta, ta fara yin ja, ta yi jawur kamar garwashi, har zauren ya ɗauki ɗumi. Mai Aski ya leƙo ya ce ko dai a cire. Saura-Ƙiris ya ce wannan ja alamar lafiya ce, jini ne ke gudu. Yana cikin bayani, da yatsa a sama, wayar ta narke ta ɗigo a kan silifas ɗinsa. Ya yi wani tsalle da ko a filin wasa sai an tafa masa, ya fito tsakar gida da ƙafa ɗaya ya tsoma ta a bokitin wankin Yaya.

Yaya ta tambaya me ya faru. Ya ce motsa jiki yake. Ta shinshina iska ta ce ita kuwa ƙaurin roba take ji. Tela ya leƙo da sauri ya ce ai shi ne dutsen gugarsa ya taɓa leda. Saura-Ƙiris ya yi masa kallon godiya, yana cewa a ransa yau ya ga aboki na gaskiya.

Aka gwada ƙusa. Ƙusar ta yi baƙi, ta lanƙwashe kamar wutsiyar kare, ta fasa gefen mariƙin. Saura-Ƙiris ya zauna a kan katifa ya yi tagumi, yana tono abin da ya rage a kansa daga makaranta. Ya tuna akwai ranar da malami ya ce jan ƙarfe shi ne babbar hanyar wuta, in yana da kauri wuta na bi ta cikinsa ko gumi ba ya yi. Malamin ya ci gaba da wani bayani a kan dalilin da ya sa ake sa siririyar waya a fis, amma daidai nan Saura-Ƙiris ya fita ta taga.

Jan ƙarfe mai kauri kuwa guda ɗaya ne a gidan: munduwar Yaya. Ta mahaifiyarsu ce, mai kaurin ɗan yatsa, ta sha hannu har ta yi sulɓi. Yaya ba ta cire ta sai za ta yi wanki, ta rataye a ƙusar bakin famfo.

Ranar hutu da safe Yaya ta yi wanki, ta shanya kayan aikin Direba da zannuwanta a kan wayoyin shanya guda biyu da suka ratsa tsakar gida daga zaure zuwa katangar baya. Da ta waiwaya, ƙusa na nan, munduwa ba ta nan. Ta duba bokiti, ta duba magudana, ta ɗaga tabarma. Ta tambayi Auta, ya ce shi da munduwa ko kallon kirki ba su taɓa yi wa juna ba, amma ya ga wani hankaka yana shawagi, kuma an san halin hankaka da abu mai ƙyalli. Har ya taya ta leƙa saman rufi. Ta gaji ta ɗauki kwando ta tafi kasuwa, tana cewa in ta dawo sai ta juye gidan.

Ƙafarta na fita, ya sa munduwar a kan dutse ya buga ta da guduma har ta miƙe samɓal. Ya cusa ta a mariƙin, ya danna a allon mita, ya ja baya ya yi mata kallon uba ga ɗansa.

Daga nan ya fita shela. Ya bi shago-shago yana cewa yau an gama zamanin neman izini, kowa ya kawo abin da yake da shi ya jona, gidan Yaya ya zama tashar wuta. Mutane kuwa ba sa ƙin kallo. Mai shayi ya kawo butar lantarki. Matar maƙwabci ta aiko da dutsen guga da tulin kaya. Wani ya turo ƙaramin firij a baro. Mai Aski ya kunna komai nasa har da abin da bai san amfaninsa ba. Aka jona hita, aka jona wata hitar, soket a kan soket kamar rumbu.

Wuta ta tsaya daram. Ko ƙiftawa ba ta yi ba.

Saura-Ƙiris ya hau kan turmi don na baya su gan shi. Ya ce a duba da kyau, wannan aikin ba a koyar da shi a makaranta, shi ya sa ya bar ta. Mai shayi ya ce ai shi dama ya san yaron nan zai yi abu, bai dai san wane iri ba.

Sai Mai Walda ya leƙo ta saman katanga, ya ce tunda wuta ta yi arha a nan, kuma wanda ya kashe masa janareto ne ke rabonta, to a miƙo masa tasa, yana da ƙofar ƙarfe da mai ita ke masa sintiri. Mai Aski ya ce injin walda ba butar shayi ba ne, a yi hattara. Tela, wanda tun safe yake taka tsohon keken ɗinkinsa na ƙafa, ya ce shi dai a saninsa jarumi ba ya zaɓen abokin kokawa, amma in injiniya yana jin tsoro ba laifi, kowa da iyakarsa.

"Tsoro? Ni?"

"Ban ce kai ba. Na ce in."

"To ka cire in ɗin ka ɗinke shi a aljihunka."

Matsalar ita ce babu doguwar wayar da za ta kai katangar baya. Saura-Ƙiris ya ɗaga kai, ya ga wayoyin shanya guda biyu sun miƙe daga zaure har inda ake so, kamar dama don shi aka ɗaura su. Ya ce ƙarfe ƙarfe ne. Ya jona wannan bakin da soket, Mai Walda ya kama wancan bakin da injinsa. Aka ce a kwashe shanyar tukuna, ya ce babu lokaci, kuma tufa ba ta shan wuta. Ya dai ja kowa gefe, ya ce kada wanda ya taɓa, wanda shi ne kaɗai abin hankali da ya faɗa a ranar.

Mai Walda ya ɗora sandarsa a kan ƙarfe.

Wani gurnani ya taso daga allon mita, irin na kare da aka taka wa wutsiya yana barci. Wayoyin shanya suka yi wata zabura, suka karkaɗa, rigunan Direba suka yi rawa ba kiɗa. Kwan fitilar zaure ya dushe ya koma kamar idon mai zazzaɓi. Saura-Ƙiris ya ce wannan gaisuwa ce, wuta da wuta sun haɗu.

Sannan wayoyin suka fara saki. Da a miƙe suke, sai suka yi ciki, suka langaɓe, suna sauka a hankali kamar an ɗora musu buhu. Daga baƙi suka koma ruwan ƙasa, daga nan suka yi ja. Hayaƙi ya fara tashi daga kowane wurin da tufa ta hau waya. Wandon aikin Direba, da aka rataye ta tsakiya, ya rabu biyu a natse, rabi ya faɗi nan rabi can. Rigarsa ta bi. Zanen Yaya mafi kyau ya sauko gida biyu, da yankan da ya fi na almakashi kyau. Tela ya miƙe ya leƙa, ya ce gaskiya ko shi ba zai fitar da layi haka ba.

A jikin bango kuwa abin ya fi muni. Duk inda waya ta bi a ƙarƙashin fenti sai ga baƙin layi ya fito, daga zaure zuwa ɗakin girki, daga nan zuwa shagon aski, kamar an zana wa gidan jijiyoyi. Robar wayoyin da ke waje ta yi laushi, ta kumbura, ta fara ɗiga tana wari. Soket ɗin da aka yi wa rumbu ya narke ya zama dunƙule ɗaya, da butar mai shayi da dutsen gugar maƙwabta duk suka zama 'yan uwa. Mai Aski ya fito da gudu, abin busar gashi na tofar da tartsatsi a hannunsa, ya wurga shi cikin bokiti.

Aka yi ta cewa a cire, a cire. Saura-Ƙiris ya ruga zaure ya kama mariƙin fis, ya sake shi da sauri yana busa yatsu. Ya naɗo hannu da rigarsa ya ja. Ko gezau. Bakin munduwar ya narke ya manne da ƙarfen allon, ta zauna daram, ta ƙi fita, ta ƙi tsinkewa. Jarumi ya nema, jarumi ya samu.

A daidai nan Yaya ta shigo da kwando a kai.

Ta dubi rabin wandon mijinta a ƙasa. Ta dubi baƙin layin da ke hawa bangon ɗakinta. A gabanta wayar shanya ɗaya ta yi fari, ta tsinke, ta watse ƙananan ƙwallaye masu ƙuna suna gangarawa a siminti, mutane na ɗage ƙafa. Can a kan titi, a saman falwaya, aka ji wata ƙara kamar an fasa tayar mota, sai komai ya mutu. Fankoki suka tsaya a duk layin. Daga gidaje masu nisa aka fara fitowa ana tambayar wa ya yi wannan aiki, kuma abin mamaki, duk wanda ya tambaya ƙafarsa ta riga ta nufo gidan Yaya.

Saura-Ƙiris ya gyara murya, ya ce jama'a su kwantar da hankali, matsalar daga masu wuta ce, sun turo ta da ƙarfi fiye da kima. Ya ce shi ma yanzu ya fito daga ɗaki. Mai Walda ya haura katanga da guduma da kurfi, ya ce bari a ga abin da masu wutar suka turo. Ya shiga zaure, ya buga, ya buga, ya ɓamɓaro mariƙin gaba ɗaya. Tangaran ɗin ya farfashe ya zube. Abin da ya rage a hannunsa miƙaƙƙen jan ƙarfe ne, baki biyu a narke, tsakiya kuwa lafiya lau, da 'yan zane-zanen da duk wanda ya taɓa gaisawa da Yaya ya sani.

Ya tsoma shi a ruwa ya yi cuu, ya miƙa mata.

Yaya ta juya abin a hannunta. Ta ce, "Auta, hankakan nan naka ya iya aikin wuta."

Aka fashe da dariya har da waɗanda kayansu suka ƙone. Saura-Ƙiris ya ga ba hanya ta baya, sai ya bi ta gaba. Ya ce tunda an gani, to a yi adalci. Kowa ya duba: wayar bango ta narke, wayar shanya ta narke, fis ɗin kan falwaya ma ya ba da kai, amma abin da shi ya sa da hannunsa yana nan bai tsinke ba. Ya ce aikinsa bai gaza ba, gidan ne bai kai matsayin aikin ba. In aka canza wayoyin gida, da na layi, da falwayar, to an gama. Saura ƙiris.

Mai Aski ya ce ashe fis ɗin da ake zagi da tsoro, shi ke mutuwa kullum don gida ya rayu. Mai shayi ya ce shi dai a raba masa butarsa da dutsen gugar mutane kafin a shiga wa'azi.

Yaya ta ajiye kwando. Ta nuna masa ɗakin bakin ƙofa da tsinin munduwar, alamar ya je ya naɗe katifarsa. Saura-Ƙiris ya waiwaya neman abokinsa na gaskiya ya sa baki, sai ya hango shi tuni a cikin ɗakin, tef a hannu, yana auna taga. Kekensa na lantarki kuwa yana can a shago lulluɓe da zane, an zare shi daga soket tun daren jiya, ko ƙura bai sha ba.

"Tela, har da kai?"

"Ni labule kawai nake aunawa. Ɗaga ƙafarka, katifar ta tare mini kusurwa."

Ya naɗe katifa ya ɗora a kai, akwatin sukurori a hammata. A bakin ƙofa ya tsaya ya yi murya irin ta marayu, ya tuna wa Yaya cewa ciki ɗaya suka fito, kuma Inna da tana raye ba za ta so a ga autanta a titi ba. Yaya ta ce gaskiya ne, Inna ba za ta so ba. Ta kamo hannunsa ta danƙa masa miƙaƙƙen jan ƙarfen.

"Ga ta Inna nan. Ka mayar da ita yadda ka same ta, da hannunka, ba da na Mai Walda ba. Ranar da ta zauna a hannuna kamar da, ka zo mu yi maganar ɗaki."

Yanzu in ka bi ta layin, za ka ga sabon labule a tagar bakin ƙofa, da ƙarar almakashi a kan teburin yanka. Daga cikin gida za ka ji muryar Yaya tana sanar da cewa za ta yi guga, da muryar Tela yana amsawa cewa ya kashe. A bayan katanga kuma, ƙarƙashin rumfar Mai Walda, kusa da janareton da hanjinsa ke cikin kwano, akwai katifa a jingine da wani mutum a zaune yana fama da filaya. Abin da ke hannunsa ya taɓa zama ƙugiya, ya taɓa zama mariƙin bokiti, jiya ma an ce ya yi kama da kunnen kofi. Kada ka wahalar da kanka ka tambaye shi yaushe zai gama. Ka riga ka san amsar.